Buga gem daban, haɗa gem daban: Yadda za ku fahimtar da iyayenku

A gidaje da dama daga Kakuri zuwa Sabon Tasha, shari'ar waya ba ta ɗaukar minti ɗaya. Mama ta leƙo ɗaki ta ga yaro ya tsura wa waya ido, ta tambaye shi me yake yi, ya ce gem ne, ta miƙa hannu. Shi ke nan, shi da wayar sai bayan jarrabawa.

Ba mu ga laifin Mama ba. Daga bakin ƙofa, yaron da ya shafe awa uku yana harbin dodanni da wanda ya shafe awa uku yana neman abin da ya hana kyanwar da ya zana yin tsalle, duk kamarsu ɗaya: kai a sunkuye, an aike su ba su ji ba, caji ya ƙare, data ta tafi. Amma na farkon gem ɗin wani yake bugawa, na biyun kuwa nasa yake haɗawa. Ɗaliban da ke sahu na biyu ba kasafai suke zama su nuna wa iyayensu wannan bambanci ba. Haushi kawai suke ji, su koma yi a ɓoye cikin bargo. A ɓoyen nan kuwa matsala take somawa, domin wasu daga cikin manhajojin haɗa gem suna da ƙofofin da baƙo da ɗan damfara ke shigowa ta cikinsu.

Gado ne a wannan yanki

Ɓangaren Kaduna da ke kudu da kogi da ƙira aka san shi. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, sannan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a nan. Kakanni da iyayen da yawa daga cikinku a gaban inji suka ci abinci. Masaƙun sun durƙushe tun a shekarun 2000, amma mutanen da suka san daɗin haɗa abu da hannunsu suna nan a gidajenku. Ku tambayi Baba labarin motar kara, ko motar gwangwanin madara mai tayar tsohon silifas. Za ku ji cewa shi ma an sha yi masa faɗa a kan ya bar aike ya zauna yana fafe kara.

Ko a zamaninku akwai misali a cikin garin nan. A 2019 labarin wasu samarin Kaduna da ke kiran kansu The Critics ya zagaya duniya. Da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle da suka tara kuɗi suka saya suke ɗaukar gajerun fina-finan ƙirƙirarren kimiyya, sannan su ƙara siddabarun hoto da Blender, manhajar kyauta da suka koya daga bidiyoyin intanet. A 2020 fitaccen daraktan Amurka J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki. Fim suke yi, amma Blender ɗin nan da ita masu haɗa gem da yawa ke ƙera mutane da gidajen da kuke gani a wasanninsu. A Barnawa kuma akwai CoLab, cibiyar matasa masu harkar fasaha da Sanusi Ismaila ya kafa a 2016. Wato dai wanda ke son wannan hanya ba sai ya je Legas kafin ya ga masu binta ba.

Me ake yi a cikin manhajar?

Mu fara da Scratch, domin ita muka fi amincewa da ita ga ɗan koyo. Ta fito ne daga jami'ar MIT ta Amurka a 2007, daga hannun wasu masu bincike ƙarƙashin Farfesa Mitchel Resnick, kuma an tsara ta ne musamman don 'yan shekara 8 zuwa 16. Kyauta ce, ba ta da talla. Ba a buga dogayen umarni da Turanci a cikinta. Tubala ne masu launi-launi, kowanne da umarninsa a jiki, ka jawo wannan ka sarƙa shi a ƙarƙashin wancan kamar magini yana jera bulo. Tana da harsuna fiye da 70, kuma idan ka duba jerin za ka tarar da Hausa a ciki.

A ce kana son haɗa wasan Keke Napep da zai taso daga Sabon Tasha zuwa Kakuri yana kauce wa ramuka. Filin wasan Scratch faɗinsa taki 480 ne, tsayinsa 360, kuma tsakiyarsa ita ce sifili. Daga hagu zuwa dama x ne, daga −240 zuwa 240. Daga ƙasa zuwa sama y ne, daga −180 zuwa 180. Idan wannan ya yi maka kama da wani abu, to allon malamin lissafi ne, darasin nan na x da y da ake hamma a cikinsa. Za ka sa tubalin da ke cewa idan an danna kibiyar dama a ƙara 10 a kan x, sai keken ya matsa dama. Za ka buɗe wani ɗan akwati ka sa masa suna fasinja, ka zuba 4 a ciki, ka ce duk lokacin da keke ya taɓa rami a rage 1, idan ya kai sifili wasa ya ƙare. Wannan akwatin shi ne harafin da ke tsayawa a madadin lamba a aljabara.

Sai ka danna tutar farawa, keken ya bi ta kan rami ya wuce abinsa, fasinja huɗu cif babu wanda ya faɗo. A nan ne ainihin karatun yake. Za ka duba tubalan ɗaya bayan ɗaya, ka yi tsaki, ka sake dubawa, kafin ka gano cewa tambayar "ya taɓa rami?" sau ɗaya tak kwamfutar ta yi ta, a farkon wasa, domin ka manta ka sa ta cikin tubalin da ke maimaitawa har abada. Kwamfuta ba ta da kara, ba ta cewa "na gane abin da kake nufi". Abin da ka faɗa shi za ta yi. Ɗalibin da ya saba bin sawun kuskurensa a haka, ba tare da ya jefar da aikin ba, ya sami abin da zai yi masa amfani a ɗakin jarrabawar lissafi da kimiyya ko da bai sake haɗa gem ba har abada.

Akwai abu biyu game da Scratch da za su kwantar wa iyaye hankali, kuma ya kamata ku faɗa musu. Na ɗaya, ana iya sauke ta a kwamfuta ko a babbar waya mai faɗin allo a yi aiki da ita ba tare da intanet ba. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, kowa ya san data ba abin wasa ba ce a kasafin gida. Na biyu, a shafinta na intanet babu saƙon sirri tsakanin mutum biyu. Duk abin da wani ya rubuta maka a fili yake, kowa na gani, kuma dokar shafin ta hana bayyana cikakken suna ko lambar waya ko adireshi.

Wanda ba shi da kwamfuta fa, wayar Mama ce kawai a gidan? Akwai Pocket Code, wadda aka ƙirƙira a wata jami'ar fasaha da ke birnin Graz na ƙasar Ostiriya. Ita ma kyauta ce, ita ma tubala ake sarƙawa, kuma don ƙaramar waya aka yi ta, har tana iya amfani da karkatar wayar a hannunka wajen tuƙa keken naka.

Inda ake buƙatar idon manya

Roblox ita ce ta fi tashe, ita ce kuma ta fi buƙatar a yi maganarta da iyaye. David Baszucki da Erik Cassel ne suka fito da ita a 2006, kuma a 2025 masu shiga cikinta kowace rana sun haura miliyan 100. Kamar babbar kasuwa take, mai rumfuna miliyoyi, kowace rumfa wasa ne da wani ya haɗa. Ɗaya daga cikinsu, Grow a Garden, wanda aka ruwaito cewa ɗan shekara 16 ne ya fara haɗa shi, ya tara mutum fiye da miliyan 20 suna bugawa a lokaci guda a 2025. Irin wannan labari shi ke sa ɗalibi ya ce wa Baba ai sana'a yake koya.

Ga wata gaskiya da za ta ɓata wa wasunku rai. Wurin da ake haɗa cikakken wasa na Roblox, wato Roblox Studio, a kwamfuta yake aiki, ba ya hawa waya, kuma sai an koyi rubuta umarni da wani harshen kwamfuta mai suna Luau. Saboda haka idan a waya kawai kake shiga Roblox, bugawa kake yi. Babu laifi a buga wasa a lokacinsa, amma kada ka sayar wa Baba da shi da sunan karatu. Ranar da ya gano, har mai gaskiyar a cikin ƙannenka ba zai sake yarda da shi ba.

Sai batun kuɗi. Roblox tana da kuɗinta, Robux, wanda ake saye da kuɗin gaske don sayen riga ko makami ko izinin shiga wani sashe. Mai haɗa wasa yana iya mayar da Robux ɗin da ya samu zuwa dala, amma sai ya kai shekara 13, sai ya tara aƙalla 30,000 ta hanyar wasansa, sai kuma ya cika takardu. Abin da za a ba shi a kan wannan adadi ya ɗan haura dala 100 ne kawai, alhali mai sayen Robux 30,000 zai biya fiye da ninki biyu na hakan. Kamfanin kuma yana cire kashi 30 cikin ɗari daga cinikin da aka yi a cikin wasan tun farko. 'Yan ƙalilan ne ke samun kuɗi mai kauri. Wasanni masu ɗimbin yawa suna nan babu mai leƙa su.

Inda akwai kuɗi kuwa ba a rasa ɓarawo. Duk shafi ko bidiyon da ya ce zai ba ka Robux kyauta idan ka rubuta sunan asusunka da lambar sirri, asusun yake so ya sace, kuma idan katin bankin Mama yana maƙale da wayar, abin ya wuce asarar rigar gem. Haka nan Minecraft, wasan gini da tubala da kamfanin Microsoft ya saya dala biliyan 2.5 a 2014: wasa ne mai kyau ga mai son gini, amma na kuɗi ne, kuma kwafin bogi da ake turawa daga waya zuwa waya ba ka san abin da aka cusa a cikinsa ba. Manhajojin da ke cewa ka zuba naira ɗari ka ci dubu kuwa, duk yadda aka yi musu ado da launi da kiɗa, caca ce, kuma doka ta hana ta ga wanda bai kai shekara 18 ba.

Abin da ya fi kuɗin haɗari shi ne hira. A Roblox kana wasa da mutanen da ba ka gani, kuma wanda ya ce shi ɗan JSS 2 ne yana iya zama ƙato mai gemu. Salon masu mugun nufi kusan ɗaya ne ko'ina: ya yaba maka, ya yi maka kyautar Robux, ya ce ku koma hira a WhatsApp ko wata manhajar da babu mai sa ido, ya nemi hoto, ya ce kada ka faɗa wa kowa. Saboda damuwa kan lafiyar yara ne Turkiyya ta toshe Roblox a watan Agustan 2024, Katar da Kuwait suka bi sahu a 2025. Kamfanin shi ma ya ƙara matakai. Tun Nuwamban 2024 iyaye na iya buɗe nasu asusun su haɗa da na yaro, su ga jerin abokansa, su ƙayyade lokaci da kuɗin da zai kashe, kuma an taƙaita saƙon sirri ga 'yan ƙasa da shekara 13.

A lokacin da aka kawo su, waɗannan matakai a kan abu ɗaya suka tsaya: shekarun da aka rubuta ranar buɗe asusu. Ɗalibin da ya sa shekarar haihuwar yayansa don a bar shi ya shiga ko'ina, da hannunsa ya zare sakatar da aka sa dominsa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta tanadi a nemi izinin iyaye ko mai riƙo kafin a tattara bayanan yaro. Izinin Baba a nan haƙƙinsa ne a doka.

Mama ba sai ta iya kwamfuta ba

Wani zai ce, to ai iyayena ba su san komai a kan waɗannan abubuwa ba, ta yaya za su yi mini jagora? Ku duba yadda ake kai yaro koyon ɗinki ko kanikanci a Makera ko Narayi. Uban da bai taɓa riƙe sifana ba shi ke kama hannun ɗansa ya kai shi garejin. Yana tambaya ya san shagon wane ne, su wa ke zama a wurin, ƙarfe nawa ake tashi, nawa za a biya. Bayan wata biyu uwar da ba ta taɓa hawa keken ɗinki ba za ta ce wa 'yarta ta kawo abin da ta ɗinka, ta juya rigar ciki waje, ta nuna inda ɗinkin ya karkace. Manhajar haɗa gem shago ce, kuma tambayoyin ba su canza ba.

Bambancin kawai shi ne a wannan karon kai ne ka san hanyar shagon, don haka kai za ka kama hannunsu. Kada ka tayar da maganar a lokacin da ake cikin faɗa, ko Baba ya shigo a gajiye. Ka bari an ci abincin dare hankali ya kwanta, ka ce, "Baba, ina so in nuna maka wani abu da na haɗa." Ka miƙa masa wayar ya tuƙa keken da kansa. Idan ya faɗa rami sau uku ya ce wasan ya yi sauri da yawa, ka buɗe tubalan a gabansa, ka mayar da 10 ta koma 5, ka sake miƙa masa. A cikin wannan minti ɗaya zai ga abin da bayanin awa guda ba zai nuna masa ba: kai ke ba na'urar umarni.

Daga nan ku yi yarjejeniya, kuma shawararmu ita ce kai ka fara kawo sharuɗɗan kafin a ɗora maka. Wayar ta kwana a ɗakin Mama. A yi aikin a falo ko tsakar gida inda mai wucewa zai ga allon. Lambar sirrin asusun ta kasance a hannun ɗaya daga cikin iyaye. Kada a sayi komai sai an tambaya. Idan akwai yaya ko anti da ta iya waya, ta taimaka a sa Family Link ta Google, manhajar kyauta da ke ba iyaye damar ƙayyade awanni, da rufe waya da dare, da amincewa kafin a sauke sabuwar manhaja. Mun san wasu za su ce wannan takura ce. E, takura ce. Ɗan koyon da ke gareji ma ba shi ke riƙe da makullin shago ba a shekararsa ta farko.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya kamata ku roƙa daga ɓangarensu, kuma idan kun ga dama ku miƙa musu wannan shafi su karanta da kansu. Iyaye, idan yaro ya zo ya ce wani baƙo ya turo masa maganar banza ko ya nemi hotonsa, kada sakamakonsa ya zama duka da ƙwace waya. Yaron da ya san faɗin gaskiya zai jawo masa asarar wayar, shiru zai yi a karo na gaba, kuma shirun nan shi mai mugun nufi yake nema. A toshe mutumin, a kai ƙararsa ta maɓallin da ke cikin manhajar, a ajiye hoton saƙon. Sannan idan kwamfuta ɗaya ce a gidan, a raba lokacinta har da 'yan mata. A gidaje da yawa namiji ke kan kwamfuta yayin da ƙanwarsa ke wanke-wanke, alhali watakila ita ce ke zuwa ta ɗaya a lissafi.

Mai haɗa gem ma yana iya wuce gona da iri. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar buga gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Alamominta su ne mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illar, yawanci har tsawon shekara guda. Mafi yawan masu wasa ba su kai nan ba. Amma idan kana gyangyaɗi a aji, ko makin zangon nan ya gaza na zangon baya, ba ka da hujjar da za ka kai gaban Baba, ko da wasan da ka haɗa ya fi na kowa kyau a Barnawa.

Shin akwai abinci a wannan harka? Akwai, ga wasu. Kamfanin Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012 yana yin wasannin waya masu labarin Afirka, kuma shi ya haɗa wa Disney wasan girki na Iwájú a 2024. Sai dai ba za mu ce muku duk wanda ya sarƙa tubala a Scratch zai zama ma'aikacin irin wannan kamfani ba. Ribar da ta fi kusa ita ce sabo da kwamfuta, a ƙasar da tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kanta ake yi.

Ga wanda ya gama da keke yana neman aikin da ya fi tauri, ya gwada dara. Gurbi 30 ne, layi biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Zana gurabun ba zai ɗauke ka rabin awa ba. Wahalar tana wajen koya wa kwamfuta ta gane cewa 'ya'ya uku sun jeru a tsaye ko a kwance don a ci ɗan abokin hamayya, ta kuma san cewa huɗu a jere ba ci ba ne. Ƙa'idojin sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, saboda haka kafin ka jawo tubali ko ɗaya, ka ɗauki biro da takarda ka je wajen Baba ko Kaka su zayyana maka yadda ake yi a garinku.